Daga "ɗauka" zuwa "pick up": jagora ga mai koyon Turanci

Wani ɗalibina ya taɓa turo mini saƙo yana ƙorafi da Turanci: *I called you three times but you did not pick.* Na gane abin da yake nufi sarai, kuma duk wanda ya zauna a Kano ko Legas ko Accra zai gane. Amma da a takardar jarrabawar WAEC ya rubuta haka, da jan biro ya hau kanta. Abin da ya ɓace 'yar ƙaramar kalma ce mai harafi biyu, wato *up*. Idan babu ita, *pick* na nufin zaɓa, ko tsinko ɗan itace daga reshe, don haka Baturen Ingila zai tsaya yana jiran a gaya masa abin da na ƙi zaɓa.

Irin wannan haɗi na aikatau, wato kalmar aiki, da ƙaramar kalma shi masu nahawun Turanci ke kira *phrasal verb*. Wahalarsa ba yau ta fara ba. Tun a 1755, Samuel Johnson ya faɗa a gabatarwar ƙamusunsa cewa wannan haɗi na cikin abin da ya fi ba baƙi wuya a harshen. Sai dai ni ina ganin Bahaushe ya fi mutane da yawa sa'a a nan, in dai ya san inda zai duba.

Mataki na farko: fara daga Hausarka

Dubi waɗannan jimloli huɗu. Ya ɗauki buhu. Ya ɗauko buhu. Ya ɗauke buhun. Buhun ya ɗauku. Tushe ɗaya ne, amma ko yaro ya san ba magana ɗaya ba ce. "Ɗauko" na cewa buhun ya taho wajenmu, "ɗauke" na cewa ya bar wurin gaba ɗaya, "ɗauku" na cewa aikin ya yiwu. Wasalin ƙarshe kawai muka taɓa. Wannan tsari shi ne masanin Hausa F. W. Parsons ya kasa zuwa giredi bakwai a 1960, kuma har yau ana koyar da shi a sassan Hausa na jami'o'i.

Abin da Hausa ke yi da wasalin ƙarshe, shi Turanci ke yi da ƙaramar kalmar da ke bin aikatau. *Pick* zaɓa ne. *Pick out* ware ɗaya daga cikin tari. *Pick on* tsangwamar mutum, kamar yadda babban yaro ke sa wa ƙarami ido a aji. *Pick at* tsakurar abinci irin na marar lafiya. *Pick up* kuma shi ne aikinmu na yau. Wanda ya yar da *up* don yana ganin ƙarama ce, daidai yake da baƙon da ya ce "ɗauke mini ruwa" alhali ƙishirwa ke damunsa, so yake a ɗauko masa.

Mataki na biyu: riƙe hoto ɗaya a ranka

Manyan ƙamusoshi na jera wa *pick up* ma'anoni fiye da goma. Kada ka haddace su kamar jadawalin sau. Riƙe hoto ɗaya: abu yana ƙasa, hannu ya sauka, ya ɗago shi. *Pick up that pen*, ɗauki biron nan. *She picked up the baby*, ta ɗauki jaririn. *He picked up a coin on the road*, ya tsinci kwabo a hanya.

Abu biyu ke cikin hoton. Na ɗaya, abin ya tashi sama. Na biyu, abin ya shigo hannunka, sau da yawa ba tare da ka sha wuya ba. Kusan duk sauran ma'anonin daga ɗayan waɗannan biyun suka tsiro. Duk lokacin da ka gamu da *pick up* a jimlar da ta rikita ka, tambayi kanka: me ya tashi, ko me ya shigo hannun wa?

Mataki na uku: ma'anonin da Hausa ta riga ta ba ka kyauta

Akwai wurare huɗu da tunanin Bahaushe da na Bature suka zo ɗaya, kuma da su ya kamata ka fara, don su ne ake yi kullum.

Waya. Muna cewa "ɗauki wayar", su ma suna cewa *pick up the phone*. Dalilin ɗaya ne: a zamanin tarho na girke, sai ka ɗago kan wayar daga mazauninsa kafin ka ji mai magana, in ka gama ka mayar, shi ya sa har yanzu katse kira ake ce masa *hang up*. Yau yatsa kawai muke gogawa a gilashi, amma maganar ta zauna. To ɗalibina abin da ya kamata ya rubuta shi ne *you did not pick up*, ko kuma *you did not answer*. Ka lura, *pick my call* da muke ji dare da rana Turancin Najeriya ne da Ghana. Ba abin kunya ba ne a hira tsakaninmu, amma ka san matsayinsa kafin ka kai shi ɗakin jarrabawa ko cikin wasiƙar neman aiki.

Ɗauko mutum a abin hawa. *I will pick you up at four*, zan zo in ɗauke ka da ƙarfe huɗu. *My brother picks up the children from school*, yayana ne ke ɗauko yara daga makaranta. Kishiyarsa *drop off*, sauke mutum. Idan ka taɓa kiran mota ta manhajar Uber ko Bolt, ka ga kalmar *pickup* a wurin da ake tambayar inda direba zai same ka. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne *I will pick you at four*. Ga kunnen Bature, ka ce za ka zaɓe shi ne da ƙarfe huɗu, kamar ana kasa 'yan ƙwallo.

Karɓo kaya ko biyawa a sayo abu. *I need to pick up my clothes from the tailor*, zan je in karɓo ɗinkina. *Pick up some bread on your way home*, ka biya ka sayo burodi in za ka dawo. Akwai ɗan ƙamshin sauƙi a nan. Ba wanda zai ce *I picked up a house* in ya shekara goma yana tara kuɗin gida. Sayayya ce ta kan hanya, ko wadda aka dace da araha.

Cuta. Muna cewa ya ɗauki cuta, su ma *he picked up an infection*. Ana yawan faɗa kan mura, ciwon ciki na tafiya, da makamantansu, abin da ya maƙale wa mutum bai sani ba. Masu sharhin ƙwallo ma za ka ji suna cewa ɗan wasa *picked up an injury* ko *picked up a yellow card*, ya ji rauni ko an ba shi katin gargaɗi.

Mataki na huɗu: inda hanya ta rabu

Nan ne "ɗauka" ke gajiya, sai ka nemi wata kalmar Hausa.

Wadda na fi so ita ce ta koyo. *He picked up Yoruba in Lagos.* Ba makaranta ya shiga ba, ba malami ya zaunar da shi ba. A bakin mutane ya tsinta, a kasuwa, a tasha, wajen ciniki. Duk ɗan kasuwar da ya yi shekara biyu a kasuwar Mile 12 ta Legas ya dawo yana zuba Yarbanci, to *pick up* ya yi, ba *study* ba. Haka yaron da ke zama gefen mai gyaran waya har hannunsa ya faɗa. Haka kuma mugun hali: *the boy picked up bad habits from his friends*, ya kwaso munanan ɗabi'u wajen abokai. Bambancin na da amfani a jarrabawar baka irin ta IELTS. In aka tambaye ka yadda ka iya wani harshe ka ce *I just picked it up from my neighbours*, ka nuna ka san inda *learn* ya tsaya da inda *pick up* ya fara.

Sai kamawa irin ta na'ura. Dattijon da ke murɗa rediyo da asuba yana neman Sashen Hausa na BBC a gajeren zango, abin da ake yi tun 1957, in ya dace sai a ce *the radio picked up the station*, ta kama tashar. Waya na *pick up* sabis, makirufo na *pick up* hayaniyar waje, kare na *pick up* ƙanshin abin da yake bi. Idan ka ƙara *on* ya zama *pick up on*, mutum ne ya lura da abin da ba a fito fili an faɗa ba: *she picked up on his anger*, ta gane ransa a ɓace yake ko da bai ce komai ba.

Sai kamawa irin ta hukuma. *The police picked him up last night.* Nan ba rage masa hanya suka yi ba, cafke shi suka yi, ko suka tafi da shi don amsa tambayoyi. Jimlar iri ɗaya ce da ta ɗauko yara daga makaranta, mai aikin ne kawai ya bambanta. Jaridun Najeriya na Turanci na son wannan amfani ƙwarai.

Sai farfaɗowa, kuma a nan *pick up* ba ya buƙatar karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, shi kaɗai yake tsayawa. *Business picks up before Sallah*, kasuwa na buɗewa gab da Sallah. *Sales have picked up*, ciniki ya motsa. *The patient is picking up*, marar lafiya na samun sauƙi. Wannan ɓangaren "tashi sama" ne na hotonmu. Daga nan *pick up speed* ya fito, mota ta fara ba da wuta.

Saura biyu, a taƙaice. *Let us pick up where we left off*, mu ɗora daga inda muka tsaya. *My uncle picked up the bill*, kawuna ya biya wa kowa. A Amurka za ka fi jin *tab* ko *check* a madadin *bill*.

Mataki na biyar: tarkon ruwan sama

Yanzu ga inda fassara kai tsaye ke kayar da mutum. A Hausa in muka ce ruwa ya ɗauke, ya tsaya ke nan, kowa ya fito. A Turanci in aka ce *the rain picked up*, ƙaruwa ya yi, ya kece kamar da bakin ƙwarya. Kishiyar juna ne ƙiri-ƙiri. Na taɓa ganin ɗalibi ya rubuta a insha'i cewa *the rain picked up, so we went out to play*, malamin da ke dubawa kuwa ya ɗauka yaran ba su da hankali. Abin da yake nema shi ne *the rain stopped* ko *the rain let up*. Haka iska: *the wind picked up* na nufin ta ƙara ƙarfi.

"Ɗauka" tamu ma tana da faɗi fiye da *pick up*, kuma yawancin wuraren da take shiga Turanci wata kalma yake sawa. Ɗaukar hoto *take a photo* ne. Ɗaukar ma'aikaci *hire* ko *employ*. Ɗaukar alkawari *make a promise*. Ɗaukar nauyin karatun wani *sponsor*. "Na ɗauka ka tafi" kuwa *I thought you had left*. An ɗauke wuta, *the power has gone off*. Dakon kaya daga wuri zuwa wuri *carry* ne: *pick up* lokacin ɗagawar kawai yake nufi, tafiyar da ta biyo baya ta *carry* ce. Ɗan dako *picks up* buhu a bakin mota, sannan *carries* shi zuwa rumfa.

Mataki na shida: ina karɓau ke zama?

Wannan ita ce dokar da masu shirya tambayoyin JAMB da NECO ba sa gajiya da ita, kuma ba ta da tsawo.

Idan karɓau suna ne, kana da zaɓi biyu, duka daidai: *pick up the book* ko *pick the book up*.

Idan wakilin suna ne, wato *me, you, him, her, it, us, them*, to dole ya shiga tsakiya: *pick it up*, *pick them up*, *pick me up*. Ba a cewa *pick up it*, ko da wasa.

Idan karɓau dogo ne, bar shi a baya, kada ka raba kalmomin biyu da nisa: *pick up the bag I left in your shop yesterday*. In ka jefa *up* can ƙarshe, kafin mai sauraro ya iso gare ta ya manta da *pick*.

Kada dokar ta ba ka mamaki, don Hausa ma na sauya hali in wakilin suna ya zo. Muna cewa "ya ɗauki littafi", amma "ya ɗauke shi", kuma "abin da ya ɗauka". Ba wanda ya zaunar da kai ya koya maka wannan, kunnenka ne ya saba, har ta kai in wani ya ce "ya ɗauki shi" sai ka ji abin ya soke ka. Irin wannan sabon kake nema da *pick it up*. Maimaita shi da baki sau ashirin ya fi karanta dokar sau ɗari amfani.

Wajen sauyin lokaci, *pick* kaɗai ke canzawa: *picks up, picked up, picking up*. *Up* ba ta motsi. In kuma aka haɗe su wuri ɗaya, *pickup* ko *pick-up*, ya zama suna. Shi ne sunan motar nan mai buɗaɗɗen baya da muke kira a-kori-kura. Kamfanin Ford ya yi amfani da kalmar tun 1925 a kan wani samfurin Model T mai akwatin kaya a baya.

Mataki na bakwai: gyara bakinka

Hausa ba ta raba *p* da *f* kamar yadda Turanci ya raba, shi ya sa *pick up* ke fita daga bakin wasunmu kamar "fik of". Gyaran mai sauƙi ne. Haɗe leɓɓanka biyu gam, tara iska, sannan ka sake ta lokaci ɗaya. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka: in ka faɗi *pick* daidai za ta yi tsalle. A ƙarshen *up* ma leɓɓan su rufe ruf. Wannan gyara ya cancanci wahalarsa, domin in *p* ta zama *f* a wannan kalma, tana kusantar wata ashar ta Turanci da ba ka so a ji daga bakinka a gaban manya.

Wasalin *pick* gajere ne. In ka ja shi ya koma *peek* ko *peak*, leƙe ko ƙololuwa. Sannan masu harshen ba sa yanka kalmomin ɗaya bayan ɗaya, sarƙa su suke yi. *Pick up* na fita kamar "pi-kap", *pick it up* kamar "pi-ki-tap", *picked up* kamar "pik-tap", domin *ed* ɗin nan sautin *t* take bayarwa, ba "pikid" ba. Wanda bai san haka ba zai kalli fim a faɗi kalmar sau goma bai kama ko ɗaya ba. A aikatau, nauyin murya kan faɗa kan *up*. A suna, kan *pick*.

Mataki na takwas: san wurin da za ka yi taka-tsantsan

*Pick up* kalmar hira ce da saƙon waya da labaran jarida. A rubutun ofis ko na jami'a, sau da yawa kalma guda ta fi dacewa: *collect* don karɓowa, *improve* ko *recover* don farfaɗowa, *acquire* don koyo, *contract* don kamuwa da cuta, *arrest* don kamu, *resume* don ɗorawa. Amma kada ka wuce gona da iri. Wanda ya ce wa abokinsa *I acquired some bread* ya zama abin dariya.

Akwai kuma ma'anar da littattafan makaranta ke tsallakewa, kuma gara ka ji ta a nan. *To pick someone up* na iya nufin tare baƙuwar mace ko baƙon namiji da zance don neman lalata. Daga nan *pick-up line* ya fito, kalaman jan hankali. Saboda haka *I picked up a girl last night* ba ta nufin abin da mai kirki ya yi niyya, ko da rage mata hanya kawai ya yi. Maganin shi ne ka faɗi ko wace ce da kuma daga ina: *I picked up my sister from the motor park*. In baƙuwa ce ka taimaka wa, ce *I gave her a lift*, ko *a ride* a Turancin Amurka.

Mataki na tara: sa shi a aiki

Ɗauki mako guda. Kowace rana zaɓi ma'ana ɗaya, ka gina jimla uku daga abin da ya faru da kai a ranar, ba daga littafi ba. Kowace jimla ka faɗe ta sau biyu, da suna sannan da wakilin suna: *I picked up my cap, I picked it up*. In kana da abokin koyo, ku riƙa tura wa juna saƙon murya, don kunne ke kama kuskuren da ido ke tsallakewa.

Kafin nan, gwada waɗannan shida. Mayar da su Turanci, ka kuma yanke hukunci ko *pick up* ya shiga ko bai shiga ba. Rufe amsoshin da hannu.

1. Na kira ta amma ba ta ɗauka ba.
2. Ka zo ka ɗauke mu a tasha.
3. Ruwa ya ɗauke, mu tafi.
4. A Yamai ya tsinci Faransanci.
5. An ɗauke shi aiki a banki.
6. Ciniki ya fara motsi bayan kaka.

Ta ɗaya, *I called her but she did not pick up.* Ta biyu, *Come and pick us up at the motor park*, kuma *us* a tsakiya take. Ta uku tarko ce: *The rain has stopped, let us go.* Ta huɗu, *He picked up French in Niamey.* Ta biyar ma tarko ce, *He was employed by a bank*, domin in ka ce *he was picked up at the bank*, danginsa za su fara neman lauya. Ta shida, *Sales began to pick up after the harvest.*